Darussan da na koya da muka ɗora manhajarmu a kan laburaren APR

Manhajar da muke kula da ita ta lissafin kaya ce da ciniki, irin wadda shagunan magani da diloli ke amfani da ita su san abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ake bi bashi. Da harshen C aka rubuta ta tun asali, kuma dole ta yi aiki a wurare uku da ba sa ga-maciji da juna: kwamfutocin Windows da ke gaban shago, waɗanda yawancinsu na hannu ne kuma sun kwana biyu, ƙananan na'urorin Raspberry Pi masu Linux da muke girkawa a sito su tattara bayanan rassa, sai 'yan tsirarun masu gida da ke riƙe da MacBook suna son duba rahoto daga falonsu. Abokan cinikinmu suna nan Kaduna, daga Kasuwar Barci zuwa Kawo, daga Kakuri zuwa Rigasa, da wasu a kan titin Ahmadu Bello.

Duk wanda ya taɓa rubuta C don tsari fiye da ɗaya ya san layin nan na `#ifdef _WIN32`. Abin da yake cewa shi ne: in Windows ne bi nan, in ba shi ba ne bi can. Ɗaya ko biyu ba su da laifi. Amma a manhajar da ta yi shekaru tana wucewa ta hannun mutane daban-daban, abin yaɗuwa yake yi. Kowa ya ci karo da wani bambanci sai ya toshe shi a inda ya same shi, ya yi gaba. Mun tarar da hanyoyin haɗa sunan folda da na fayil kala-kala, kowace da irin nata ciwon. Akwai wurin da aka ajiye girman fayil a cikin `long`, wanda a Linux mai bit 64 faɗinsa bit 64 ne, amma a Windows, ko da mai bit 64 ne, bit 32 kawai yake. Akwai wurin da aka buɗe fayil ba tare da harafin "b" ba, Windows kuwa ya riƙa cusa alamar komawa farkon layi a gaban kowace alamar sabon layi, fayil ya isa Linux da ƙarin da ba wanda ya sa masa. Dangin Unix, waɗanda Linux da Mac ke tafiya a kan salonsu, tun 1988 suke da ƙa'idar POSIX da ta haɗa kansu a kan abubuwa da dama. Windows bai taɓa ɗaukarta a matsayin harshen gida ba.

Shawarar mu daina toshe-toshe, mu ɗauko laburaren da wasu suka riga suka gina don wannan aiki, wato tarin shiryayyun kira da ke ɓoye bambancin tsarukan, ba ta sha gardama ba. Gardamar a kan wanne za a ɗauka ce. GLib, wanda aka ware daga GTK a 1998, ya ƙunshi kusan komai, amma in memori ya ƙare `g_malloc` kashe manhajar yake yi nan take, kuma lasisinsa na LGPL yana da sharuɗɗan da oganmu bai so shiga cikinsu ba, tunda a dunƙule muke raba manhajar. Shi kuma libuv, wanda aka ƙirƙira a 2011 don Node.js ya samu gindin zama a Windows, gwani ne ba shakka, sai dai an gina shi a kan zagayen jiran aukuwa, tamu kuwa bi-da-bi take aiki, ɗaukarsa na nufin a sake mata ƙashin baya. NSPR na Netscape har yau yana cikin Firefox, amma ba mu ga jama'a da yawa a wajen Mozilla suna hulɗa da shi ba. Muka tsaya a kan APR, wato Apache Portable Runtime, wanda ya fito daga aikin sabar yanar gizo ta Apache 2.0 da aka saki a 2002. Ni abin da ya fi rinjayata shi ne Subversion, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, ya dogara da shi tun kafin fitowarsa ta 1.0 a 2004. Subversion aikinsa kullum rubuta fayiloli ne, da sauya musu suna, da goge su, a Windows da Unix, kuma in ya kuskure aikin mutane ne ke salwanta. Irin damuwarmu ke nan sak.

Riba ta farko ta zo ta inda Bahaushe zai fi ji a jikinsa. Manhajar tana fitar da rahoto da sunan da mai shago ya rubuta. In ya rubuta "Rahoton ƙarshen wata", a Linux da Mac haka zai fito. A Windows sai ka buɗe folda ka tarar da "Rahoton Æ™arshen wata". Duk mai karanta Hausa a intanet ya sha ganin wannan Æ™ ɗin, ko É— a inda ya kamata a ga ɗ. Dalilin ba shi da wuya. A tsarin UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Tsohon kiran `fopen` a Windows ba da UTF-8 yake karanta suna ba, da jadawalin Windows-1252 yake karantawa, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ke nufin alamar ™. Jadawalin nan an yi shi ne don harsunan Yammacin Turai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ a cikinsa.

Munin suna kaɗai da sauƙi. Inda abin ya fi ɓaci shi ne idan fayil mai suna daidai ya zo daga wani reshe a kan filas: manhajar sai ta ce babu shi. Wata Hajiya mai shagon magani a Tudun Wada ta juyo min da allon kwamfutarta, ta ɗora yatsa a kan fayil ɗin, ta ce, "Malam, ga shi ina kallonsa, kai ma kana kallonsa. To wa ke ƙarya, ni ko na'urar?" Maganin da aka daɗe ana ba mutane shi ne su riƙa rubuta k a madadin ƙ, wato a ce wa mai kuɗi ya gyara harshensa don manhajar da ya saya ta ji daɗi. `apr_file_open` yana karɓar suna a UTF-8 a kowane tsari, in a Windows yake sai ya mayar da shi UTF-16 ya kira `CreateFileW`. Wuri ɗaya, an gama.

Bayan wannan ne na zauna na karanta cikin laburaren kansa, kuma in akwai shawara ɗaya da zan ba duk mai shirin ɗaukar irinsa, ita ce ya yi haka tun kafin ya yanke hukunci. A buɗe `file_io/unix/open.c` a gefe guda, `file_io/win32/open.c` a ɗaya gefen. Na Unix gajere ne, mai tsabta. Na Windows cike yake da lanƙwasa. Za ka ga wurin da ake duba ko tsawon hanyar fayil ya wuce haruffa 248, in ya wuce a liƙa masa `\\?\` a gaba. Me ya sa 248, alhali kowa ya san iyakar Windows 260 ce? Saboda wajen ƙirƙirar folda sai an bar gurbin haruffa 12 na sunan fayil irin na zamanin DOS. Za ka ga ana buɗe fayil da izinin `FILE_SHARE_DELETE` don a iya goge shi ko sauya masa suna yana buɗe, abin da Unix ke yi ba tare da an roƙe shi ba. Za ka ga sauya suna yana bi ta `MoveFileExW` da umarnin ya maye gurbin wanda ke nan, don `rename` na Windows ƙin yarda yake yi in ya tarar da fayil mai wannan sunan. Kowace lanƙwasa a nan wani ne ya taɓa kwana bai yi barci ba a kanta. Wannan mummunan ɓangaren shi ne ainihin abin da kake ɗauka. Kyawawan sunayen kira kowa zai iya ƙirƙira su a yini guda. Har foldojin OS/2 da NetWare suna nan a ciki, tsarukan da yawancin yaran ofishinmu ba su taɓa jin sunansu ba.

Sai dai a nan ne kuma mutum ke sakin jiki. Da zarar kira ya zama iri ɗaya a ko'ina, sai zuciya ta ɗauka cewa halin na'urorin ma ya zama ɗaya. Wutar Kaduna ce ta nuna mana ba haka ba ne.

Rassa suna aika wa sito cinikin yini a cikin ƙananan fayiloli. Tsarin da muka gada shi ne wanda kowa ya sani: a rubuta a fayil na wucin gadi, a rufe, a sauya masa suna zuwa na gaskiya. Mun mayar da shi kan APR layi da layi, ya ci duk gwajin ofis. Amma a shagunan da ba su da inbata, ko batirinsu ya gaji, in aka ɗauke wuta jim kaɗan bayan rufe ciniki, da safe sai a tarar da fayil mai suna daidai amma babu komai a ciki, ko a Windows mai girma daidai amma cike da sifili. Rufe fayil ba ya nufin bayanan sun sauka a faifai. Suna iya zama a memorin tsarin na wasu daƙiƙoƙi, yayin da sabon sunan ya riga ya shiga rajista. `apr_file_flush` ma, duk da sunansa, abin da ke hannun APR kawai yake miƙa wa tsarin. Akwai `apr_file_sync` da ke tilasta saukarwa, amma laburare ba zai kira maka shi ba, kuma ba zai tuna maka cewa a Linux sai ka tilasta saukar da foldar ita ma bayan sauya suna ba. A Mac kuwa takardun Apple da kansu sun faɗa cewa `fsync` ba ya tilasta wa faifai ya juye abin da ke cikin nasa memorin, sai an yi amfani da `F_FULLFSYNC`.

Ba mu ne farkon waɗanda wannan ya cije su ba. A 2009 an yi ta cece-kuce a duniyar Linux lokacin da masu amfani da ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai, suka riƙa tarar da fayilolinsu wayam bayan na'ura ta mutu, har Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya sa wata dabara a kanel, wato zuciyar Linux, siga ta 2.6.30, da ke gane mai sauya suna a kan fayil ɗin da ke nan ta gaggauta saukar da bayanansa. Mu dabarar ba ta rufe mu ba, don kullum sabon suna muke bayarwa. Abin lura shi ne, rumbun bayananmu na SQLite da ke kan waɗannan na'urori, cikin wannan wutar, bai ba mu irin wannan ciwon kai ba. Masu SQLite suna da nasu shimfiɗar tsakanin manhaja da tsari, kuma cikin gwaje-gwajensu har da kwaikwayon ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu. Sun ɗauki tabbacin ajiya a matsayin alkawarin da suka yi. APR bai yi wannan alkawari ba, kuma bai ce ya yi ba.

Ƙarshe dai muka rubuta kira ɗaya namu, `adana_tabbas`, duk wani rubutu mai muhimmanci ta nan yake bi. A cikinsa akwai `#ifdef`, abin da muka fito gudu. Bambancin shi ne yanzu wuri ɗaya yake, da bayanin dalili a samansa. Muka kuma shigo da gwajin zare filogi: a sa na'ura tana rubutu, wani ɗalibin da ya zo koyon aiki ya zare, a kunna, a duba, a sake. A nan muka gane cewa wasu katunan memori masu araha kan ce sun gama rubutu alhali ba su gama ba, kuma wannan babu laburaren da zai gyara shi, sai dai a sayi kati mai kyau a sa wa na'urar batiri.

Maganar manhajojin kariya daga ƙwayar cuta ma haka take. A Windows, da ka rubuta fayil sai su buɗe shi su leƙa, in ka zo sauya masa suna a wannan ƙiftawar idon sai a ce maka ba ka da izini. APR kuskuren zai dawo maka da shi yadda ya zo. Da muka leƙa Subversion sai muka ga su ma a cikin `io.c` ɗinsu sun rubuta zagayen sake gwadawa na musamman don Windows, a jira kaɗan a sake, a jira a sake. Wato har waɗanda suka fi kowa sanin laburaren sun ɗora nasu a kansa. Muka yi koyi da su.

Abin da ya fi sauya fasalin manhajarmu, kuma ba wanda ya sa shi a lissafi, shi ne yadda APR ke rabon memori. Kwando-kwando yake yi. Ka buɗe kwando da `apr_pool_create`, duk abin da ka nema daga ciki yake fitowa, ba ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, sai dai ka zubar da kwandon gaba ɗaya in ka gama. Ga sabar yanar gizo wannan tsari ya dace ƙwarai: buƙata ta shigo, a buɗe mata kwando, a amsa, a zubar. Ga manhajar da ke zaune a sito mako da mako tana jiran fayiloli, in ka yi sakaci ka riƙa ɗiba daga babban kwando a cikin zagaye, memori hawa kawai zai riƙa yi har Raspberry Pi ta shaƙe. Maganin sananne ne, masu Subversion sun mayar da shi al'ada: a buɗe ƙaramin kwando don zagayen, a share shi a farkon kowane juyi. Amma sai ka san da shi. Kuma tunda kusan kowane kira na APR kwando yake nema, sai ka ga kwandon yana bin ka daga kira zuwa kira, har ya isa wurin lissafin riba da bashi inda ba shi da wata hulɗa.

A kan wannan aka yi musu mafi zafi a ofis. Oganmu ya ce a lulluɓe APR gaba ɗaya da namu sunayen, kada kalmar `apr_` ta fito ko'ina sai a fayil ɗaya. Wani abokin aikinmu ya ce, "Oga, mun ɗauko laburare don mu daina rubuta namu, yanzu kuma ka ce mu rubuta namu a kansa?" Oga ya ce, "To ranar da za mu rabu da shi fa, kai za ka bi layi-layi ka cire?" A ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Fayiloli da zaren aiki (gudanar da ayyuka da dama a lokaci ɗaya) da makullan da ke hana su karo suna lulluɓuwa cikin sauƙi, kuma tunda dama mun ƙara musu namu hali, lulluɓin yana da aikin yi. Kwando kuwa ba ya ɓoyuwa. Ko ka sauya masa suna, tsarin tunaninsa yana nan, duk wanda zai kira ka sai ya san yaushe abin da ka ba shi zai mutu. Abin da muka tsaya a kai shi ne a ja iyaka ta wani wuri dabam: ɓangaren lissafi, wato farashi, ragi, bashi da ranar lalacewar magani, ba ya taɓa fayil, ba ya taɓa APR, bayanai yake karɓa ya mayar da bayanai. Duk abin da ke hulɗa da na'ura yana ɗaya ɓangaren, can kuma ba ma jin kunyar kiran APR kai tsaye. Wannan rabon ya fi laburaren kansa amfani a wurina, kuma ba don shi ya matsa mana ba da ba mu yi ba.

Ƙaurar kanta sannu-sannu muka yi ta, fayiloli tukuna, sannan zare, sannan sadarwa. Lokacin da rabin manhaja ke amfani da `FILE` rabi kuma `apr_file_t` shi ne mafi haɗari, gara a taƙaita shi.

Mun kwafi laburaren mun ajiye cikin ma'ajiyar aikinmu, don ba za mu jingina haɗa manhaja a kan intanet ɗin da ke zuwa yana tafiya ba, kuma muna so kowace kwamfutar ofis ta haɗa da siga ɗaya. A Windows da CMake muke haɗawa, wanda aka shigo da shi tun siga ta 1.5. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da aka sanar da wata kafar tsaro a APR, ba mai sabunta mana, mu ne za mu gani, mu ɗauko, mu haɗa, mu gwada, sannan wani ya hau keke napep da filas a aljihu ya zaga shagunan da kwamfutarsu ba ta taɓa shiga intanet ba. Don haka akwai mutum ɗaya a ofis da aka ɗora wa bibiyar sanarwar sabbin siga, da sunansa a rubuce, ba "mu duka" ba. APR a hankali yake tafiya: 1.7 ta fito a 2019, tun daga nan ƙananan gyare-gyare ake yi a kan wannan layin. Wannan kwanciyar hankali ce ga mai shagunan da ke kan tsohon Windows, amma yana kuma nuna cewa hannayen da ke riƙe da shi ba su da yawa. Abin da ya faru da xz, laburaren matse fayiloli, a watan Maris na 2024, lokacin da wani injiniya Andres Freund ya lura shiga na'ura daga nesa ta ssh na ɗan jinkiri, ya bi diddigi ya tono ƙofar ɓoye da wani mai kula da laburaren ya dasa a siga 5.6.0 da 5.6.1, bai shafe mu ba. Amma tun daga nan ba ma ɗaukar sabuwar siga sai mun karanta bambancinta da tsohuwa da idonmu.

Ɗaliban da ke zuwa mana koyon aiki daga Kaduna Polytechnic da KASU suna saurin kama APR, wani lokaci saurin ya yi yawa. Yaro zai rubuta maka kiran da ke aiki a tsari uku alhali bai san `open` na Unix ba, bai san `CreateFileW` ba, ranar da kuskure ya fito daga ƙasa sai ya tsaya yana kallon lamba. Yanzu kafin mu bar sabon zuwa ya taɓa ɓangaren na'ura, sai ya karanta waɗancan fayiloli biyu na `open.c`, ya zo ya faɗa min dalilin 248.

Abin da ke gabanmu yanzu waya ce. Diloli suna so yaransu su riƙa shigar da ciniki daga Android, kuma ɓangaren lissafi ya tafi can ba tare da an taɓa shi ba. Ɓangaren fayil ne ya tsaya. Tun daga Android 10 a 2019 aka fara taƙaita shiga ma'ajiyar gama-gari, aka tsaurara a Android 11, ta yadda in mai waya ya zaɓi fayil ba hanyar folda ake ba ka ba, wani adireshi ne da sai tsarin ya buɗe maka shi. APR kuwa an gina shi a kan cewa kowane fayil yana da hanya. Dabarar da muke gwadawa ita ce ɓangaren Kotlin, harshen da ake rubuta manhajar Android da shi, ya buɗe fayil ɗin, ya miƙo lambarsa zuwa C, mu naɗe ta da `apr_os_file_put`. Karatu da rubutu suna tafiya. Sauya suna bayan rubutu, wanda `adana_tabbas` ya dogara a kai, shi ne ba shi da madogara a can, kuma oga ya fara tambayar ko ba gara a tura fayilolin ciniki cikin SQLite gaba ɗaya ba.